Hannun Kaka Saratu

Ni ba mai ilimi ba ne, a aji huɗu na tsaya, don haka kada wani ya jira wa'azi daga bakina. Abin da na gani zan faɗa.

Aikin dam ɗin Bakolori ne ya kwaso mu daga ƙasar Zuru zuwa Talata Mafara. Babana birkila ne, yana cikin masu gina hanyoyin ruwa ta wajen Bakura. Uwata ta rasu tun ina goye, sai uwar babana, Kaka Saratu, ta riƙe ni. Hannunta kullum cikin makyarkyata yake. In ta miƙo maka kunu, rabi a ƙasa zai ƙare. Duk da haka ita ke share 'yar majami'armu ta kwano kowace Asabar, ba wanda ya sa ta.

Da an ci tuwo sai ta tura kara cikin murhu, ta ce, "Matso, maigida. Cefane dai ba ka kawo ba, amma labari ka sha shi kyauta."

Akwai wanda ta fi maimaitawa. Wai wuta ta mutu a wani gari kaf, sai a gidan sarki. Aka aiki wani saurayi da tsingaro ya ɗebo. Daɗi ya kwashe shi, ya taho yana tsalle, garwashin ya faɗa ciyawa, gonakin mutane suka ƙone. Aka aiki wani dattijo. Shi kuma tsoro ya sa ya riƙe can nesa da jikinsa, ko hurawa bai yi ba, ya iso da toka. Sai wata tsohuwa ta tafi. Ta rungumo tsingaron a ƙirji, yana ƙona mata tafi, tana hurawa, tana waƙa, jikinta na rawa, har gida.

Na ce, "Mi ya sa jikinta ke rawa? Tsoro ko daɗi?"

"Duka biyun, sarkin tambaya. Ai haka Zabura ta ce a bauta ma Ubangiji, da tsoro, a yi murna kuma da rawar jiki."

A wautata na ɗauka Zabura da hannun Kaka take. Na shelanta wa yaran majami'a cewa an rubuta kakata a cikin Littafi Mai Tsarki. Suka yi ta dariya. Da na kawo ƙara, ta ce, "Ƙyale su. Wa ya sani?"

Wata Juma'a gini ya rufto wa babana. A bayan tipa aka kawo shi. Maƙwabcinmu Malam Umaru, wanda ruwan dam ya cinye wa gona, shi ya fara sa diga a kabarin. Washegari da safe na ga Kaka ta ɗauki tsintsiya.

"Ina za ki?"

"Shara."

"Wanda ya ɗauke miki ɗa za ki yi wa shara?"

Ta ce, "Tafina ya ƙone, Ishaya, ban ɓoye maka ba. To in na saki, mi zan kai gida?"

Ran Lahadi har waƙa ta yi, muryarta na rawa. Ni kuwa daga ranar ban sake taka majami'a ba. Makarantar ma na watsar. Kaka ta rasu tana kirana maigida, ban taɓa raka ta shara ba.

Yanzu furfura ta fito, hannuna ya soma irin nata. Ina jin matasa na yabon wani wai yana aikin Ubangiji da rawar jiki, suna nufin zumuɗi. Ba su san rawar da ke zuwa bayan an ƙone ba.

Kwanan baya jikata Rahila ta matsa mini sai na ba ta tatsuniya. Labarin tsohuwa da wutar nan kaɗai na riƙe. Da na gama ta ce, "To da tsohuwar ta iso, wa ta ba wutar?"

Na ce ta je ta kwanta.

Ban ce na shirya da Allah ba. Amma ran Asabar na je har ƙofar majami'a. Ban shiga ba. Akwai tsintsiya jingine a bango, na ɗauka, na share daga waje.