Takardar Ramuwa ta Baba Jimoh

Baba Jimoh ya zo Jos daga Ogbomosho yana ɗan shekara ashirin, ya samu aikin gyaran fili a wata makarantar mishan. Shi ke yanke ciyawa, shi ke zana layi da farar ƙasa. Malaman makarantar Amurkawa ne, kowace Asabar suna buga besbol, wasan da ake jefo ƙwallo mutum ya make ta da sanda ya ruga a guje. Shekara talatin yana kallo daga gefe, har ya fi wasu malaman sanin dokokin. Da ya yi ritaya aka bar masa tsofaffin sanduna shida da buhun safar hannu na fata. Ya buɗe rumfar gyaran takalma a Laranto, ya ɗinke safofin nan ɗaya bayan ɗaya.

Da su ya kafa ƙungiyoyi biyu, ɗaya ta samarin Laranto, ɗaya ta samarin unguwar Abattoir. Akwai Musulmi da Kirista a kowace. Duk Disamba sukan yi wasan ƙarshe a filin wata makarantar kuɗi, kuma shekara uku a jere Abattoir ce ke cinyewa, ƙarƙashin wani dogon mahauci, Mwadkon.

Ɗana Musaddiq shi ne mai jefa ƙwallo na Laranto. Lokacin yana shekara goma sha tara, yana ajin farko a jami'a. Ni ina aiki a Kuru, ina fita da sassafe in dawo a gajiye. Na san yana buga wani wasa. Ban taɓa zuwa kallo ba, ban kuma san sunan wasan ba sai daga baya.

Abin da Baba Jimoh ya fi ƙauna a besbol shi ne tarihin ƙungiyoyin da suka sha sake haɗuwa a wasan ƙarshe. Duk wanda ya kawo takalmi sai ya ji labarin wasu ƙungiyoyin Amurka biyu, Dodgers da Yankees: sau biyar Dodgers suna shan kashi, a karo na shida, a 1955, suka ɗauki kofin. Ranar da Laranto ta faɗi karo na uku, an ce haka ya tare 'yan wasanta.

"Sau uku kawai kuna kuka? Mutane sun yi biyar! Kai, Musaddiq, hannunka kamar taliya, je ka ci tuwo."

Mwadkon ya ce, "Baba, ka bar shi ya ci. Baɗi in zo masa da tsire, kada a ce yunwa ce."

Shekara ta huɗu ta zo garin bai daɗe da fita daga rikici ba. Akwai shingen sojoji a hanyoyi, kowa yana duba unguwar da zai shiga. Wata Laraba na ɗauki rigar Musaddiq daga kan kujera, takarda ta faɗo daga aljihu. An buga ta da manyan baƙaƙe:

RAMUWA! LARANTO ZA TA RAMA A KAN ABATTOIR. ASABAR, ƘARFE HUƊU. KOWA YA ZO DA SANDARSA.

A ƙasa akwai sunan Jimoh da lambar wayarsa. Babu kalmar wasa ko ɗaya, domin duk wanda aka bai wa takardar ya san zancen. Ni ban sani ba. A Jos ta wancan lokacin, ramuwa ma'ana ɗaya gare ta a kunnena. Musaddiq yana makaranta, da na jira awa uku da na tambaye shi. Ban jira ba. Na kai takardar wurin mai unguwa, shi kuma ya miƙa ta gaba.

Washegari jami'an tsaro suka ɗauke Baba Jimoh da sandunansa daga rumfarsa. Kwana uku ya yi a tsare kafin Mwadkon da wani limami da wani fasto su je su yi bayani. An sake shi, ba a mayar masa da sandunan ba. Mai makarantar ya ce ba zai ƙara ba da filinsa ba. Iyaye suka janye 'ya'yansu, har waɗanda suka fahimci gaskiyar lamarin.

Musaddiq bai san ni ne ba. Ya ba ni labarin muna cin abinci, ransa a ɓace, yana cewa wani munafuki ne ya kai ƙara. Na ce Allah ya kyauta. Bayan wata goma sha huɗu ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ya rasu cikin mako bakwai. Baba Jimoh ya zo gaisuwa, Mwadkon yana biye da shi. Na karɓi gaisuwarsu ban iya kallon idonsu ba.

Sai bara na je rumfar. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ɗaya ya yi yana, amma har yanzu yana ɗinki. Na zauna a benci na faɗa masa komai, daga rigar har mai unguwa. Bai ajiye takalmin da ke hannunsa ba.

"Baba Musaddiq, na sani tun lokacin. Mai unguwa ba ya riƙe magana."

"Kuma ka zo gaisuwa?"

"Ah-ah! Gaisuwar ɗan wasana ce, ba taka ba." Ya ja zare da haƙori ya tsinke. "Oga, kai ne ka yi jami'a. Ni Hausata ta kasuwa ce. Ban san yadda ake cewa a sake karawa ba, sai na tambayi yaronka. Ya ce, Baba, ramuwa ake cewa, kamar wanda ya sha azumi, bayan Sallah sai ya rama. Shi ya rubuta takardar, ni na kai aka buga."

Na ce masa ina da hali yanzu, zan sayo sanduna, zan nemi fili, a tara waɗanda suka rage a yi wasan ko sau ɗaya.

Ya girgiza kai. "Mwadkon yana Abuja da tumbi kamar tukunya. Chibueze, mai cafe mana ƙwallo, ya koma Owerri. Kuma wa zai jefa wa Laranto?"

Ya ci gaba da ɗinkinsa.

Ya ce, "Waccan shekarar da mun ci su. Yaron ya koyi wata jifa, ƙwallo ta taho miƙe, tana isowa ta sauka. Wata uku muna ɓoye wa 'yan Abattoir. Ni kaɗai na taɓa ganinta."

Na roƙe shi ya nuna mini yadda take. Ya ajiye takalmin, ya ɗauki lemo daga tiren mai tallar da ke kusa, ya dafa shi da yatsu biyu, ya juya wuyan hannunsa a hankali. Ya ce nasa hannun ba ya yi kuma, amma haka yaron yake riƙewa.