Garwashi a Tafin Iya

Hayaƙin karan gero da ƙanshin man kaɗanya: in waɗannan biyu suka haɗu a hancina, ko ina nake, sai in ganni a tsakar gidanmu na Kara-Kara, ina 'yar shekara tara, ina shafa wa Iya mai a hannu.

Aikina ke nan kowace yamma. Iya kakata ce, mahaifiyar Baba. Kuturta ta kama ta tun tana da ƙuruciya a Dogo, aka kai ta asibitin mishan, a can ta warke, a can kuma aka yi mata baftisma. Ciwon ya tafi da rabin yatsunta, abin da ya rage kuma ba ya jin zafi. Shi ya sa ba a barinta bakin wuta ita kaɗai. Ni nake zama tsakaninta da murhu, in ta shagala da tatsuniya hannun ya matsa, in janye shi a hankali.

Mu Kirista ne, gida huɗu a layinmu. Maƙwabta kan aiko mana naman layya, mu aika musu shinkafar Kirsimeti, kwano ya je ya dawo ba komai a zuciya. Iya kuwa kowa nata ne. Abu ɗaya matan majami'a suke mata tsiya a kai: yadda take ƙwala wa Baba kira da sunansa, "Yusufu! Yusufu!" har a ji a bakin famfo.

"Iya, ke ba kya kunyar ɗan fari?"

"Kunyata tana Dogo," in ji ta, ta yi dariya, zance ya wuce.

Mutum ɗaya ne kawai ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Malam Sale, wani dogon manomi mai furfura a gemu, wanda kan zo daga Dogo kowace shekara bayan girbi da damin gero biyu. Iyakarsa zaure. Iya ba ta fita, ba ta kallonsa, in dole ta kama ta ce "mutumin can". Na ɗauka tsohuwar gaba ce a tsakaninsu.

Shekarar da tari ya kama Iya ya ƙi sakinta, sai ga shi tun gero bai bushe ba, hannu wofi. Na kai masa ruwa a zaure, na fito na laɓe jikin bango.

"Yusufu, ba faɗa ya kawo ni ba," na ji yana ce wa Baba. "Tsohuwa ta yi nisa, kai ma kana gani. Na share mata ɗaki, na yi masa sabon daɓe. Kalma ce guda za ta maimaita gaban liman, shi ke nan. In ta cika a hannunku, ko salla ba ni da ikon yi mata. Ka san abin da wannan yake a wurina?"

"Yaya, ni ban riƙe ta ba. Bakinta yana wurinta."

"To, ka gaya mata. Motar safe zan bi. Wuri biyu na kama."

Ranar tuwo ya kwana a kwano. Da magariba ta wuce aka ɗauke wuta, unguwa ta yi duhu. Iya ta ce a hura mata kara, amma ba gindin darbejiya inda muka saba ba, can kusa da ƙofar zaure, inda zana ce kaɗai tsakaninmu da baƙo. Muna jin ƙarar tasbaharsa, ƙwaya bayan ƙwaya. Baba ya zauna kan turmi ya sunkuyar da kai.

"Iya, za ki tafi?" na raɗa mata.

"Shafa mai, Rahila sarkin tambaya. Ga ta nan tafe, ba takalmi."

"Ta shigo, mun share mata wuri," na amsa.

Tatsuniyar yarinya mai garwashi ce, na ji ta ya fi sau goma. Wata yarinya ce wani mugun sanyi ya kama, aka fitar da ita bayan gari, ba mai taɓa ta. Wani baƙo ya zo wucewa, ya durƙusa, ya kama hannunta da nasa hannun, ga tabon rauni a tafinsa. Ya nuna mata garwashi ja. Ya ce, "Wannan zai raya ki. Amma ba a sa shi a kasko, ba a ajiye shi ƙasa. A tafi ake ɗaukarsa, kuma zai ci ki. Ki duba da kyau kafin ki miƙa hannu." Ta duba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta haɗa tafuka biyu ta karɓa. Sanyi ya sake ta, ta miƙe ta nufi gida.

A bakin rijiya ta tarar da ƙawayenta, suka ce, "Yar da shi ki kama guga." Ta wuce. A ƙofar gida uwarta ta miƙo ƙwaryar fura, ta ce, "Ajiye ki sha, 'yata." Ta ce, "Inna, ki ba ni a baki." Uwar ta juya fuska.

Daga nan, yadda na sani, yarinya kan wuce zuwa inda makafi da guragu suke kwana cikin raɓa, ta hura musu wuta, a yi ta murna. Na buɗe baki zan riga Iya faɗa, sai ta ɗora dungun hannunta a kan gwiwata.

"Saura ɗaya," in ji ta. Ta ɗaga murya kaɗan. "A tsakar gida akwai yaro, ko tafiya bai ƙware ba. Da ya gan ta ya saki bango, ya taho yana tangaɗi, ya miƙa hannu biyu. Mutanen gida suka ce, ga ɗanki, ga wutarki, hannu bai ɗaukar biyu."

Tasbaha ta tsaya.

"Ta durƙusa. Ta ce, ku goya mini shi a baya, bayana ba komai. Suka ce ba a goya wa mai wuta ɗa. Ta ce, to ku bar ni in kwana bayan danga, in riƙa jin numfashinsa. Suka ce a'a. Kwana uku tana durƙushe. Ta so ta yar, Allah ya sani ta so. Amma ta tuna wanda ya kama hannunta ranar da ba mai kamawa. In ta ce ba ta san shi ba, da wane baki za ta koya wa yaron gaskiya?"

Tari ya sarƙe ta. Kara ya fashe a wuta, tartsatsi ya sauka a bayan hannunta, ba ta ji ba. Ni na kaɗe shi. Can daga bayan zana murya ta fito, a dushe.

"Yusufu. Tambayi tsohuwa. Shi yaron, me ya yi aka bar shi?"

Baba ya ɗago ya dubi Iya.

"Ka ce wa mutumin can," in ji Iya, idonta a kan wuta, "yaron bai yi komai ba. Ka ce masa yarinyar har gobe tana jin kukan. Ka ce masa ɗakin da aka share, Allah ya saka da alheri, ya fi kowane ɗaki. Amma garwashin yana nan a hannu."

Ba ta rufe tatsuniyar ba. Ba ƙurunƙus, ba kan kusu. Muka zauna har kara ya zama toka. Na kwana riƙe da gefen zanenta, don kada a ɗauke ta ina barci. Da asuba na ji an zuba ruwa daga buta, sai takun mutum ɗaya yana nisa.

Geronsa bai fasa zuwa ba. Da Iya ta rasu bayan shekara biyu, na hango shi can bayan shingen maƙabarta, hannuwa a baya, muna waƙa yana tsaye har aka gama rufewa.

Na daɗe ina ɗaukar wannan tatsuniya labarin jarumtaka. A lakwal, wato makarantar boko, har na rubuta ta a littafina, na ƙawata yarinyar. Yanzu da nake goyon tawa 'yar, ba na iya ganinta haka. A majami'a muna maganar ɗaukar gicciye cikin sauƙi, mu da ba a taɓa tambayarmu komai ba sai zuwan Lahadi. Iya ba ta taɓa cewa zafin ya wuce ba, ba ta kuma ce ita kaɗai ya ci ba. Bin Almasihu ya ci ta, ya kuma ci wanda ba a yi shawara da shi ba. Ta san haka, ta ɗauki wannan ma a tafinta, ba ta ɗora wa kowa laifi ba. Nakan tambayi kaina abin da zan yi in ni ce a wannan tsakar gida. Ban sani ba. Ina addu'a ne kawai.

Bara Malam Sale ya rasu, na raka Baba gaisuwa Dogo. Wata tsohuwa ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske, ta kira Iya da sunanta, ta ce, "Jikar Hadiza ce wannan. Ni na kwance Sale daga bayanta, yana wata goma sha huɗu."

Baba ba shi ne ɗan farin Iya ba. Ɗan farinta shi ne wanda shekara hamsin ba ta kira sunansa ba.