Ranar da Inna Ta Sake Ɗaukar Kayan Hanya

Yayana ne ya kawo mana labarin wasan Amurkawa, a shekarun da man fetur ya fara jan samarin Makka zuwa gabas. Direba ne a sansanin kamfanin mai. Sau ɗaya yake zuwa hutu a shekara, da agogo a hannu da ƙamshin wani sabulu da ba mu san irinsa ba. Ni kuwa ina da shekara goma sha biyar, ina taya Inna sayar da soyayyar gyaɗa a bakin kasuwa. Muna zaune a ɗakin da marigayi Baba ya haɗa da gwangwanayen kananzir, a gefen dutse, can bayan unguwar Utaibiyya.

Ya ce akwai wata rana a shekara da Amurkawan sansanin suke ajiye aiki, su sa tufafin kakanninsu. Mata su sa dogayen riguna har ƙasa, maza su sa huluna masu faɗi, a ɗaura farin ƙyalle a kan amalanke, a ɗora yara da tukwane, su yi ta zagaya fili kamar suna ƙaura zuwa yammacin ƙasarsu yadda mutanen da suka yi. Har wuta suke hurawa a ƙasa su dafa wake, alhali ga ɗakin girki na ƙarfe a kusa. Shi kujeru aka sa shi ya kai wurin, sai ya tsaya ya kalla har aka tashi. Ya ciro wani hoto daga aljihu ya miƙo mini.

"Shufi," ya ce, wato duba, don Larabci ya fara cinye masa baki. "Waɗannan su ne mutane. Sun san asalinsu, ba sa jin kunyarsa."

Na dubi hoton, na dube shi. Kwana uku kafin nan ya wuce ta gaban tiren gyaɗarmu da abokansa biyu, dukkansu cikin farar jallabiya. Inna ta ɗaga kai ta dube shi. Ɗaya daga cikin abokan ya tambaye shi ko ya san tsohuwar nan mai zane a fuska, ya ce maƙwabciyarsu ce, suka wuce shagon shayi. Da kunnena na ji. Inna ma ta ji, don Larabcinta ya kai ta gane wannan. Ta ci gaba da auna gyaɗa da ƙaramin gwangwani.

To wai shi ne yake yaba wa masu sanin asali. Matar da ya kira maƙwabciya shekara bakwai ta yi tana tafiya a ƙasa daga ƙasar Kano, ta Borno da Chadi da Sudan, kafin ta ga garin nan. Su Amurkawa har amalanke suka samu. Ita kanta ne amalankenta.

Zan faɗi gaskiya a kan yayana, ko da yake ba na so. Shi ne ɗan fari, a hanya aka haife shi, kuma Inna mutuniyar da ce. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta zama kusa da shi, ba ta yabonsa, in ya dawo daga tafiya "an iso?" kawai take cewa tana kallon bango. Wannan ita ce kunyar ɗan fari, kowane Bahaushe ya san ta. Amma shi a Makka ya girma, inda yake ganin uwayen Larabawa suna rungume 'ya'yansu a bakin ƙofa suna sumbatar goshinsu. Sai ya ɗauka ba ta son sa. Labarin hanya kuwa, in tana ba ni, tana faɗin rijiyoyi da kuraye da gonakin auduga, amma duk inda ya shafe shi sai ta tsallake.

Wannan bai wanke shi a wurina ba. Na ce masa, "Yaya, kai ka kalli na Amurkawa. Ka tsaya washegarin Sallah ka kalli namu."

Ya ce, "Esh hada, mene ne haka? Ke ba ki da hankali? A tara mutane a ce ga Takari, baƙin Afirka, suna wasan talauci? Aib ne wannan, abin kunya."

"Na masu dafa wake a ƙasa ba aib ba ne?"

Ya ce in na yi zai karya ni. Na ce ya fara wasa hannunsa.

Na tara 'yan matan layinmu don mu kwaikwayi tafiyar su Inna. Na je wurin Gwaggo, wata tsohuwa maƙwabciyarmu da suka haɗu da su Inna a ayari ɗaya tun daga Sudan, na ce ita za ta zama mai jirgin ruwa. Ta yi dariya har tana riƙe ciki, sannan ta ce to, za ta yi, amma yadda ta gani za ta yi, ba yadda nake so ba. Ban kula da wannan maganar ba.

Washegarin Sallah bayan la'asar muka share filin da ke tsakanin ɗakuna. Na zana layi da toka a can ƙarshe, na ce wannan shi ne teku. Na ɗaure tabarma da ƙwarya da tukunya da tsohuwar gorar Inna wuri ɗaya, na naɗa gammo na ɗora a kai. Na naɗe kwalba da tsumma na goya, a matsayin jariri. Mata suka fito suka zauna a inuwa, maza suka tsaya nesa kamar ba kallo suke ba. Inna ta zauna a kan turmi tana tsince gyaɗar gobe. Yayana ya tsaya a bakin ƙofarmu ya harɗe hannu, fuskar nan a murtuke.

Muka fara tafiya muna waƙa muna rangwaɗa. Ba mu yi taku goma ba tsofaffi suka taso mana.

"Wa ya ce muku da takalmi muka zo? Ku tuɓe!"

"Ina za ku da wannan saurin? Ai a nan sai da muka yi damina biyu muna tsinkar auduga. Ku sunkuya!"

Muka tuɓe, muka sunkuya. Ƙasa ta ɗau zafi, tsakuwa tana cin ƙafa, kayan suna danne mini wuya. Wata ta ce a nan aka binne mijinta, mu tsaya mu yi masa fatiha. Muka tsaya, muka yi. Daga nan ba wanda ya sake waƙa. Ni dai na dage, ina satar kallon yayana, ina so in ga ko ya fi jin daɗin na Amurkawa.

Muka iso layin toka. Gwaggo tana tsaye da rawanin mijinta a kai da sanda a hannu. Na zata za ta ce mu shiga jirgi ne a yi ta murna. Sai ta sauya murya ta ce, "Jirgi ya cika. Amma ke mai goyo, in kin bar mini yaron nan, ke da mijinki ku shiga kyauta. Gobe war haka kuna Jidda."

Ban san da wannan a labarin ba. Na ɗauka wasa take ƙarawa. Sai na kwance kwalbar ina dariya na miƙa mata, na ce, "Ga shi nan, dama ya dame ni da kuka."

Ba wanda ya yi dariya. Na ji tasar gyaɗa ta faɗi. Inna ta taso daga kan turmi, ta zo ta fizge kwalbar daga hannuna, ta goya ta a bayanta ta ɗaure da zani tamau. Ta cire kayan da gammon daga kaina ta ɗora a nata ba tare da ta nemi taimako ba. Sannan ta fuskanci Gwaggo, ta yi magana da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba.

"Ba haka na ce ba. Cewa na yi, in sai na bar shi zan ga Ɗakin Allah, to Allah ya san inda nake. Ka tafi da jirginka."

Gwaggo ta cire rawanin, ta juya ga mutane. Ta ce jirgin ya tafi da ita da sauran ayari, ya bar Inna da Baba a bakin teku. Shekara biyu suka ƙara a can, Inna tana yi wa mutane daka da wankau, Baba yana dakon kaya, kafin suka samu wurin mutum uku. Yaron shekararsa huɗu a lokacin, ƙafafunsa sun kumbura ba ya iya taku. Ta ce akwai waɗanda suka bayar da nasu, kuma ba ta zarge su ba, don ba wanda ya san yunwar hanya sai wanda ya bi ta. Sannan ta turo baki wajen ƙofarmu ta ce, "Ga yaron can da agogo."

Inna ba ta dube shi ba. Ta tsallake layin tokar, kuma ba ta tsaya ba. Ta bi lungu ta sauka gangare, ƙafa ba takalmi, kaya a kai, kwalba a baya. Muka bi ta, ni da Gwaggo da 'yan matan da rabin unguwa. Ta shiga tsakiyar kasuwa ido na ganin ido, masu shago suna leƙowa, wasu yara suna nuna ta suna dariya. Wallahi ban taɓa jin girman kai irin na ranar ba. Na daidaita tafiyata da tata, duk wanda ya kalle mu na kalle shi ido cikin ido.

Sai da ta kai kwanar da ake hango hasumiyoyin Harami sannan ta tsaya, daidai gaban shagon shayin nan. Abokan yayana suna zaune a kan benci da kofuna a hannu. Na waiwaya na gan shi a bayanmu, ashe tun daga gida yake biye. Idonsa ya yi ja. Ya matso, ya durƙusa a cikin ƙura da farar jallabiyarsa, ya yi magana da Hausa, da ƙarfi, yadda na kan benci za su ji.

"Inna, ki bari in sauke miki."

Ta yi kamar da bango yake. Ta ce mini, "Ke, kama mini."

Na kama, muka sauke kayan a ƙasa. Ta zare gammonta ta ba ni, ta juya ta nufi gida da goyonta. Yayana ya tsaya yana kallon kayan. Sai ya sunkuya ya ɗaga su ya ɗora a kansa, tukunya tana karo da ƙwarya, gora tana reto a kunnensa, ya bi bayanta ta cikin kasuwa. Bai iya ɗauka ba, don bai taɓa yi ba. Gindin tukunyar yana cin tsakar kansa, ina ganin yadda yake cije leɓe.

Gammon yana hannuna har muka isa gida. Ban ba shi ba.