Tsiron da Malam Ɗanyaro Ya Cire

Duk wanda ya san kasuwar Rungis, inda Paris ke yin cefanenta, ya san Malam Ɗanyaro, ɗan siririn dattijon nan mai tura akwatunan salak da tumatir. Mutumin wani ƙauye ne gabas da Damagaram. Maza da yawa ubansu ya haifa, gona kuwa ɗaya tak, don haka da girma ya zo aka tsayar da ƙarfafan wurin noma, shi da yake ɗan firit aka ce ya tafi nema. Nema ya kai shi har Faransa. Furfura ta same shi cikin sanyin sito, amma har gobe in ya ga ƙasa sai ya damƙa ya murza, ko da ta tukunyar fulawa ce a ƙofar banki.

Abin alfaharinsa guda ne, 'yarsa Hapsatou. Da aka yi dogon hutun jami'a ta samu istaj, wato aikin koyon sanin makama, a wani ɗakin binciken tsirrai a Villeurbanne, gefen Lyon, kuma a kan hatsi za ta yi aiki. Shugabar wurin, Madam Najla, ba ta ɓoye mata komai ba: in aikin ya yi kyau za ta riƙe ta ta yi masta, wato digiri na biyu, in ya lalace akwai masu jira a layi. Malam Ɗanyaro ya ishi mutanen Rungis da wannan labari, har da direbobin da ba su tambaye shi ba.

Wata Lahadi ya hau mota ya tafi Lyon. Ranar ban ruwan Hapsatou ce, a ɗakin gilashin da ake rainon shukar, kuma doka ta hana shiga da baƙo.

"Ni ne baƙon hatsi?" in ji shi. "Na noma shi tun ba a haifi Madam ɗin taki ba. Ido kawai zan sa, ɗiyata."

Ta duba hagu da dama, ba kowa. Ta buɗe masa ƙofa.

Zafin ɗakin da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa suka buge shi, sai ya ji ƙwalla ta cika masa ido. Hapsatou ta tafi can ƙurya tana fama da famfon da ya ƙi kawo ruwa. Shi kuwa ya sunkuya kan tukwanen. Kowace tukunya da lambarta, kuma a kowace akwai tsiro dogo kore shar, gefensa wasu 'yan gajeru da suka ƙi tashi. Takaici ya kama shi. Duk karatun nan ba wanda ya gaya wa yarinyar cewa ana rage tsiro? Hannun manomi ba ya jiran izini. Ya bi layi yana tuge raunanan yana barin ƙarfafan, yana tara su a tafin hannu, har da ɗan kaɗa kai.

Ƙarar faɗuwar butar ban ruwa ce ta ɗago shi.

"Baba! Mi ka yi?"

"Cire na yi miki. Waɗannan banza suke shan ruwa."

"Su ne aikin, Baba! Gajerun ne aikin! Dogayen don a kwatanta kawai aka shuka su."

Ya dubi damin da ke hannunsa. Ya ce a dasa su, ai hatsi na karɓar dashe. Ta ce wanne ya fito daga wace tukunya? Bai sani ba, kuma tsiron da ya rabu da lambarsa ya zama ciyawa.

Hapsatou ta zauna a ƙasa ta riƙe kai. In ta ce ita ta tuge, ta zama wadda ba ta san aikinta ba. In ta ce ubanta ne, ta karya doka. Gaba kura, baya sayaki. Malam Ɗanyaro bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ko lokacin da ya bar gida da 'yar jakarsa. Bai hau motar komawa ba. Ya kira shef ɗinsa, mai gidansa a Rungis, ya ce gobe ba a ganinsa wurin aiki.

Litinin da safe Madam Najla ta tarar da shi tsaye a ƙofa, hula a hannu. Da Faransancinsa na kasuwa ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ta shiga ta duba tukwanen, Hapsatou na biye da ita. Da ta fito sai ta karɓe katin buɗe ƙofa daga hannun yarinyar. Ta ce irin da ya rage bai cika cokali ba, kuma babu wani. Hapsatou za ta sake shukawa, hutunta ya tafi ke nan. In ya fito, a yi maganar masta. In bai fito ba, shi ke nan.

Har Malam Ɗanyaro ya juya, sai ya kasa haƙuri. "Madam, mi za ku yi da raunana?"

"Ba raunana ba ne," ta ce. "Saiwa suke turawa ƙasa kafin su yi tsawo. Muna zaton in ruwa ya ɗauke, su za su rage a gona."

A ranar ya hau mota ya koma Paris.

Kwanakin da suka biyo baya bai ci abincin kirki ba. Waya na motsi sai ya yi wuf ya duba. Ran nan ana tashi daga aiki hoto ya shigo daga Hapsatou: tukwane a jere, kowace da 'yan tsiro gajeru, ta rubuta cewa sun fito, Madam ta mayar mata da katinta. Abokin aikinsa Salisu, mutumin Maraɗi, ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Malam, waɗanga ƙanana ai na cirewa ne."

Malam Ɗanyaro ya janye wayar ya manna a ƙirji.

"Bar su," ya ce. "Ba ka san abin da suke yi ƙarƙashin ƙasa ba."