Lallen Firdausi

Duk wanda ya taɓa sayen atamfa a kasuwar Adjamé a shekarun nan ya san Tabawa, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai tsagen Gobirawa da ke zama bakin rumfar Hajiya Jamilatu, wadda in ka taya kaya da rainin hankali za ta dube ka sama da ƙasa har ka ji kunyar takalminka. Daga Madawa ta zo Abidjan, bayan mijinta ya rasu ba su haihu ba. Wata 'yar garinsu, Zaituna, mai sayar da tuwo a Treichville, ita ta kai ta gidan Hajiya a Saint-Michel, aka ɗauke ta aikin reno.

Yarinyar da aka ba ta, Firdausi, lokacin ko yaye ta ba a yi ba. Hajiya kuwa kullum tana hanyar sarin kaya, yau Lome gobe Kwatano. Saboda haka a bayan Tabawa Firdausi ta yi haƙori, a bayanta ta yi ƙyanda. Da ta shiga makaranta sai aikin Tabawa ya koma rumfa, amma kitso da jinya da rarrashi suka ci gaba da zama nata. Faransancin Tabawa bai wuce na ciniki ba, Hausar Firdausi kuma duk a karkace take, amma haka za su zauna suna zuba hira suna yi wa juna dariya.

Buri ɗaya Tabawa take da shi a duniya, kuma ba ta ɓoye shi ba. Tana so ranar auren Firdausi ita za ta kama ta ta shafa mata lalle, ta yi mata wankan amarci, ta riƙe hannunta har ɗakin miji. Kowa a gidan ya ɗauka haka za a yi, har Hajiya kan tsokane ta da uwar amarya.

Shekarar da aka sa ranar auren Firdausi da wani yaro Yazid, aka ce sai bayan babbar salla, gwiwoyin Tabawa sun riga sun fara ba ta wuya, ga ɗan wanta ya gina mata ɗaki a gida yana ta aiko mata ta dawo. Sai ta yanke shawara: ta kai amarya, ta tattara nata ya nata. Tun kafin azumi ta je ta gaya wa Zaituna cewa za ta sanar da Hajiya.

"Ki rufe bakinki sai an watse biki," in ji Zaituna. "Saurin me kike yi?"

"Haba Zaituna! In ci tuwon gida shekara da shekaru, sannan in sulale kamar ɓarauniya? Gara ta sani da wuri, ta samo wata in koya mata."

Tabawa akwai kirki, amma akwai taurin kai. Washegari a rumfa, suna ninke atamfa, ta faɗa. Hajiya ba ta ɗago ba. Ta gama ninke wadda ke hannunta, ta ce, "To. Allah ya kai mu."

Hajiya ba muguwa ba ce, kar a ɗauki alhakinta. Irin mutanen nan ce da in ka ce musu za ka tafi, abin da kunnensu ke ji shi ne ba su iya riƙo ba. Abin ya sosa mata rai ƙwarai, kuma ba ta iya cewa an ɓata mata ba, sai dai ka gani a aikace. Kafin azumi ya raba tsakiya ta kawo wata Hasana daga dangin mijinta. Tabawa ta zage ta koya mata komai, har yadda ake gane mai saye da mai ɓata lokaci. Hasana na gama ganewa, makullin rumfa ya koma hannunta. In ana zancen biki Tabawa ta shigo, sai a koma zancen tsadar tumatir. Har aka fitar da anko ba a tambaye ta ba, ita da rabin matan Adjamé ke neman shawararta kan kala.

Bayan ƙaramar salla Hajiya ta kira ta ɗaki. Ga sabon akwati, ga atamfofi masu tsada a kai.

"Tabawa, tunda zuciyarki ta riga ta koma gida, bai kamata in riƙe ki ba. Ga biye, tikitinki ke nan, na yankar miki, motar Asabar."

"Hajiya, bikin fa?"

"Biki ai akwai mutane. Ke dai ki je ki huta."

Lokacin Firdausi na Yamoussoukro tana koyon aikin jinya, babu wanda zai sa baki. Tabawa ta yi godiya, don an koya mata godiya, ta fito idonta na zafi. Ba ta hau motar ba. Ta haye gada zuwa Treichville ta koma wurin Zaituna, tana taya ta tuƙa wa 'yan dakon tashar jiragen ruwa tuwo, tana jiran ranar. Zaituna ta yi mata halacci, ko sau ɗaya ba ta ce ai na faɗa miki ba.

Ranar lalle Tabawa ta sa ankon da ta saya a wata rumfa, ta shiga bas tun da hantsi. Ta makara duk da haka. Ƙanwar Hajiya da ta zo daga Maraɗi ta riga ta kama amarya, an kuma ɗauko mai zanen lalle ta haya. Wata yarinya da ba ta san ta ba ta nuna mata kujera cikin baƙi, ta miƙo mata shinkafa. Hajiya ta hango ta, ta gaishe ta da fara'a yadda ake gaida maƙwabta.

Da ƙyar Tabawa ta samu ta kutsa ɗakin amarya. Firdausi na zaune cikin ƙawaye, hannuwa a shimfiɗe kan matashi. Tana ganinta hawaye suka cika mata ido, amma fuskarta a ɗaure.

"Inna, ke ce? Maman ta ce kin tafi. Elle a dit kin gaji da mu. Ko ki jira ni in dawo? Gaskiya ne kin gaji?"

Tabawa ta dubi ƙofa, ga Hajiya tsaye. Kalma ɗaya ta ishe ta wanke kanta. Amma yarinyar nan jibi za ta bar gidan uwarta, kuma Tabawa ba za ta bari ta fita da fushin uwa a ranta ba.

"Gaskiya ne, 'yar nan," ta ce. "Na gaji. Tsufa ne."

Firdausi ta kau da kai. Tabawa ta matso ta miƙa hannu za ta kama nata ta sa mata albarka, sai mai lalle ta tare ta.

"Pardon, Tanti, kar ki taɓa, bai bushe ba."

Daga inda take tsaye ta yi addu'ar, ƙawaye suka shafa. Amarya ba ta juyo ba. Tabawa ba ta jira ɗaurin aure ba, Zaituna ce kaɗai ta raka ta tasha.