Takardun Makaman Baba Sikeli

Mahaifina ya yi shekara talatin da ɗoriya yana bin kasuwanni da jakarsa yana gyaran sikeli, har sunan ya bi shi, kowa Baba Sikeli. Mazan mutane in sun dawo daga tafiya da tsaraba suke shigowa, namu kuwa sai ka gan shi da wani dogon abu nannaɗe a buhu, yana washe baki. Mashi ne, ko takobi, ko wata lanƙwasasshiyar wuƙa da ko albasa ba za ta yanka ba. Mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, ta yi faɗa har ta gaji ta sallama masa ɗakin bakin ƙofa.

Tarawar ba ita ce cutarsa ba, sanin inda abu ya fito ne. Ya kan ɗora takobi a kan yatsa ya ji inda nauyinsa ya tsaya, ya shinshina kube, ya ƙirga ɗinkin baduku, ya duba yadda aka ɗaure ƙota. Duk da haka bai taɓa yarda da zatonsa ba. Sai ya kai wa tsofaffin maƙera, sai biyu da ba su san juna ba sun faɗi abu ɗaya, sannan ya rubuta a 'yar takarda ya ɗaura da zare: na mutanen tsauni, na masunta, na makiyaya. Akwai gatarin da ya shekara shida yana jiran takardarsa.

Bara aka shafa wa bangonmu jan fenti, titi zai bi ta kan gidan. Yayana ya ce Baba ya koma wurinsa, amma ɗaki ɗaya ne, babu wurin ko kibiya. Gidan adana kayan tarihi suka yarda za su karɓi kayan, har su rubuta sunan Baba a ƙarƙashinsu, da sharaɗi ɗaya: abin da aka san asalinsa kawai. Sauran sai masu sayen tsohon ƙarfe.

A nan na yi wautar da har gobe nake cizon yatsa a kanta. An kwantar da Baba asibiti kwana uku don aikin ido, ni kuma uwar iyayi na ce bari in goge kayan su yi kyan gani. Don kada mai ya ɓata takardun, sai na kwance su duka, ɗari da sha huɗu, na adana a gwangwanin madara. A raina cewa nake ai ya san su kamar 'ya'yansa.

Aikin idon bai yi ba. Ya dawo yana lalube, ya kai hannu kan mashin farko yana neman zare, bai ji ba. Da na faɗa masa, sai ya sauke hannunsa daga kan mashin. Da ma ya zage ni, da na samu sauƙi.

"Ba komai, Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Jawo kujera."

Mako shida muka yi a ɗakin nan. Taga ɗaya ce, ita ma garkuwa ta tare rabinta, ga warin mai da tsohuwar fata. In zaro takarda in karanta, shi kuma ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya da yatsu. Wata takardar kafin in rufe baki ya gano mai ita, wata mu wuni a kanta. Ba na zuwa ko'ina, ko sunan 'yar ƙawata ban leƙa ba, don da wane ido zan ce masa na gaji? Kullum ƙarar motocin rushe gidaje tana ƙara matsowa. Muka kai saba'in da uku muka cije.

"Baba, wannan ai kama suke da waccan. Mu ɗaura kawai."

"Kama suke, amma ban tabbata ba."

"To wa zai sani?"

"Ni."

"Maƙeran naka fa duk sun mutu, Baba. Wa za mu tambaya?"

"Shi ya sa. Karanto ta gaba."

Haushinsa ya ishe ni, tausayinsa ya fi haushin. Ina kallon mutum yana shirin miƙa wa masu narka ƙarfe wahalar rabin rayuwarsa saboda taurin kai, alhali ni na jawo. Saura kwana ɗaya a zo ɗaukar kayan, yayana ya kai shi asibiti a duba idon, ni kuma na zauna na ɗaure sauran arba'in da ɗayan yadda hankalina ya ba ni.

Jami'in gidan tarihin ya iso da safe, mutum mai ladabi, da littafinsa. Baba ya ce shi zai miƙa da hannunsa. Ya ƙare saba'in da ukun, ya miƙa hannu can ƙuryar da muka ware sauran, sai ya ji zare. Na ga yatsunsa sun tsaya.

"Wannan fa, Baba?" in ji jami'in, yana karanta takardar. "Na mutanen tsauni ne?"

Baba ya shafa bakin mashin, ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina. Ni dai ƙasa nake kallo.

"Abin da ke rubuce ke nan," ya ce.

Aka kwashe duka, aka kama masa hannu ya sa a takarda, jami'in yana ta godiya. Da motar ta tafi sai ɗakin ya koma ƙusoshi da inuwar kaya a bango. Na soma ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Ba zan kunyata ki a gaban baƙo ba, Uwata. Amma mashin nan yana da ƙaya a baki, na masunta ne, shi kam na tabbata, takardarsa ce ban gane ba." Ya murza tafin hannunsa a gwiwa. "Yanzu yaran makaranta za su je su karanta, su haddace. Da sunana a ƙasa."

Yana gidan yayana yanzu. Sau biyu ana aiko masa da gayyata ya je inda aka jera kayan, yana cewa ƙafa ke damunsa.