Ƙullin Ƙarshe na Baba Mai Ɗauri

Tun yana da baƙin gashi Baba Mai Ɗauri yake rumfar duba kaya ta kwastam. Aikinsa ɗaya ne: jami'i ya nuna dila, shi ya kwance ta, a leƙa ciki, ya mayar ya ɗaure kamar ba a taɓa ba. Abin tinƙahonsa a duniya, bai taɓa sa wa igiya wuƙa ba. Masu yanka ragwaye yake ce musu. Faratansa duk sun tsattsage, amma da su ya aurar da 'ya'ya, ya rufa wa gidansa asiri.

Kwatsam sai ga sabon tsari. Kwastam da manyan 'yan kasuwa suka zauna a ɗaki mai sanyi suka ƙulla amana: wanda aka yarda da shi, tun daga ƙasar da aka yi lodi za a buga wa kayansa hatimi, a nan kuwa sai dai a ɗaga masa hannu ya wuce. Tsakani da Allah tsarin ya yi, kaya sun daina ruɓewa a layi. Sai dai ba wanda ya tambayi inda irin su Baba za su sa kansu. Kullum ya zo ya ɗumama benci, ya koma gida hannu rabbana, kunyar matarsa kamar ta kashe shi.

Ranar buɗe sabuwar ƙofar wucewa, Alhajin da Baba ya tsufa yana ɗaure wa kaya ya aiko kiransa. Matar ta goge masa riga tana ta hamdala.

"Malam, ka gani? Sun tuna da kai."

Ashe jan ƙyallen da ake yankawa a biki za a ɗaura a ƙofar. Baba ya haɗiye takaici, ya ce bari dai su ga hannunsa, wataƙila a samo masa gurbi. Ya yi ƙullin da bai taɓa yin mai kyansa ba, wanda ja ɗaya ke warwarewa.

Babban jami'i da Alhaji suka kama almakashi tare. Baba ya matso.

"Ranka ya daɗe, ba sai an yanka ba. Ja kawai za a yi."

Wani ya fizgo shi baya, wai ya tare wa mai hoto. Aka yanka, aka tafa, aka wuce cin abinci. Ƙullin na nan a jikin ƙarfen ƙofar, ko kallo bai samu ba.

A bakin ƙofar gida ya tarar da matarsa tana jira.

"Wane aiki suka ba ka?"

"Na gama shi," in ji Baba, ya cire rigar ya miƙa mata.